Ƙofar Nassarawa: Jiya Wurin Gadi, Yau Hanyar Makaranta

Kullum mukan bi ta Ƙofar Nassarawa a Adaidaita Sahu, amma mu nawa muka san a da wurin dakaru ne? Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara gina ganuwar Kano don kare gari daga mahara. Da dare a rufe ƙofa, Sarkin Ƙofa na gadi. Da Turawa suka ci Kano a 1903, ganuwa ta daina aikin yaƙi. Yau gadar sama ce a wurin, ga shaguna, ga 'yan makaranta. Sai dai ana ta yankar badala ana gine-gine a kanta. In muka zura ido, me za mu nuna wa ƙannenmu?