Tsohuwar Mota da Sabon Inji: Mas'alar Birki a Ƙasar Kyuba

Tun daga shekarar 1960, lokacin da Amurka ta fara hana kai kayanta tsibirin Kyuba, har Shugaba Kennedy ya cika takunkumin a 1962, motocin Chevrolet da Ford da Buick waɗanda suka cika titunan Havana kafin juyin juya halin Fidel Castro suka wayi gari babu hanyar samun kayan gyaransu. Amma da yake lalura takan buɗe ƙofar hikima, kanikawan ƙasar ba su bar su sun ruɓe ba, sai suka riƙa ciyar da su da kayan Lada da Volga na Tarayyar Sobiyet, daga baya kuma suka dasa musu injunan dizal na Toyota da Hyundai, har ga shi yau dubbansu suna jigilar fasinja, alhali sun haura shekara sittin.

Sauya inji, ko da yake shi ne abin da jama'a suka fi yabawa, ba shi ne mafi wuyar aikin ba, domin wanda ya ƙara wa mota nauyi da ƙarfi ya ɗauki wajibin ƙara mata ikon tsayawa. Chevrolet ta 1957 birkin ganga gare ta a ƙafafu huɗu, kuma tukunya ɗaya ce ke tura mai zuwa gare su duka, ta yadda idan bututu guda ya fashe, direba zai taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Sai a 1968 dokar Amurka ta wajabta raba hanyar man gida biyu, don in ɗaya ta yanke ɗayar ta riƙe. Birki kuwa aikinsa mayar da gudu ya zama zafi, kuma bisa ƙa'idar lissafi, in gudu ya ninka biyu zafin da ganga za ta haɗiye ya ninka huɗu; da zarar ta yi zafi ainun sai ta buɗa, kamun ya yi rauni.

Wanda ya tsaya a kan bakanike yana sabunta takalmin birki zai ga sana'a mai ban sha'awa. Yakan huda tsofaffin ƙusoshi ya ɓamɓare fatar da ta cinye, ya yanko sabuwa daga ta babbar mota daidai faɗin takalmin, ya ɗaure ta da ƙusoshin tagulla waɗanda yake nutsar da kawunansu don kada su karci ƙarfe. Sa'an nan ya shafa alli a cikin ganga, ya juya takalmin a ciki, ya duba inda allin ya taɓa da inda bai taɓa ba, ya yi ta gogewa har fatar ta kwanta gaba ɗaya. Gangar ma ana sassaƙe ta a inji idan ta yi zane, amma tana da haddi, wanda galibi bai wuce ƙarin milimita 1.5 a faɗinta ba, kuma wanda ya ƙetare shi ya bar ƙarfe siriri da ba zai jure zafi ba.

Waɗansu sukan zarce haka su ɗauko birkin faifai, irin wanda Citroën DS ta Faransa ta fito da shi a 1955, su ƙera masa mazauni a ƙafafun gaba. A nan ne ilimi yake rabuwa da ƙiyasi, domin faifai yana neman matsin mai fiye da ganga, kuma faɗin bakin tukunya shi ke hukunta yawan matsin: in ya yi faɗi feda ta yi tauri kamun ya ragu, in ya yi ƙunci feda ta yi nisa. Haka nan dole a sa bawul mai rage matsin baya, saboda idan ƙafafun baya suka riga na gaba kullewa motar za ta juya da mutanen cikinta. Injin dizal kuma ba ya samar da zuƙar iska da mataimakin birki ke aiki da ita, sai an haɗa masa famfo na musamman.

Akwai kuwa abubuwan da hannu ba ya maye gurbinsu. An ruwaito cewa a shekarun ƙunci da suka biyo bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, waɗansu direbobi sun haɗa man birki da sabulun wanke gashi da barasa da sukari. Man birki na gaskiya, nau'in DOT 3, ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 yana sabo, kuma ko shi in ya sha danshi yakan sauko wajen 140. Wanda ya tafasa kuwa tururi ne, tururi kuma ba ya tura komai. Baƙin mai yana kumbura robobin tukunya, bututun jan ƙarfe zalla kuma yakan tsage saboda girgiza. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa lalura tana sauƙaƙa hukunci, amma sun sharɗanta a auna ta gwargwadonta, kuma sun sanya kiyaye rai cikin manyan manufofin shari'a.

Wannan darasi ya shafe mu, mu da Peugeot 504 ta daɗe tana ɗaukar mu tun da aka buɗe masana'antar haɗa motoci ta Kaduna a 1975, kuma maƙeran Panteka ba su gaza na Havana basira ba. Fata da mazauni da sassaƙar ganga, duk ƙwararre yana iya yin su da awo. Amma roba da mai da bututu, wajibi ne a nemi na asali ko da tsada, in kuwa ba a samu ba a ajiye motar, domin fasinjan da ya biya kuɗinsa ya shiga bai ga abin da ke ƙarƙashinta ba, amana ya ba mai gyara.