Me Ya Sa Mai Shago Ya Rungumi Sola Amma Ya Ƙi Sakin Leda?

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da dama. Masu cajin waya da masu aski suka zauna suka yi lissafi. Da yawansu suka kashe janareta, suka ɗora farantin sola a kan rufin kwano, batir kuma a ƙarƙashin benci. Hayaƙi da ƙara suka ragu a layukansu. Tsadar mai ce ta yi wannan aiki, domin ɗan kasuwa yakan karɓi abin da zai rage masa asara.

Leda kuwa lissafinta daban ne. Mai tumatir, mai ƙosai, har mai koko mai zafi, kowa a leda yake ƙulla wa mai saye. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma duk wanda ya hana ta, ciniki zai koma wurin maƙwabcinsa. Ɓarnarta can take fitowa: ta toshe kwata da damina ruwa ya shiga gidaje, akuya ta haɗiye ta ta yi ta ramewa. Wannan asarar unguwa ce ke biyanta, ba ta shiga littafin mai shago.

Sai batun jari. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ribar yau ce cefanen yau ba zai iya tara kuɗin sola a dunƙule ba, ko da ya san nan gaba zai ci riba. Haka masu sayar da abinci da yawa suka ajiye tukunyar gas suka koma gawayi da itace lokacin da gas ya yi tsada.

Doka na da nata tasirin. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017 da tara mai tsanani, jihar Legas kuma ta hana robar zuba abinci mai kumfa a Janairun 2024. Irin wannan doka tana aiki ne idan ta hau kan kowa lokaci guda, kuma akwai madadi mai araha. Bayan doka, riba ma tana aiki, 'yan jari-bola hujja ne: ƙarfe da alminiyam ba sa kwana a juji, saboda suna da farashi.

Don haka ya kamata gwamnatoci da bankuna da ƙungiyoyin kasuwa su samar da bashin sola da ake biya kaɗan-kaɗan, su kuma buɗe wuraren sayen tsohuwar leda a kan kilo. Idan tsafta ta zama riba, ƙaramin ɗan kasuwa ba zai jira a roƙe shi ba.