Faɗan da Ba a Zare Takobi

Jama'a, yau zauren jakadu muka leƙa, inda ake cizo ana murmushi.

A ƙarshen 1968, wakilan da suka hallara a birnin Paris don kashe wutar yaƙin Biyetnam sun kwashe makonni suna ja-in-ja a kan siffar teburin da za su zauna: mai kusurwa ko kewayayye? Kada ku yi dariya tukuna, domin mazaunin mutum shi ke nuna ko gwamnati ce shi ko ɗan rakiya. Sai a Janairun 1969 aka daidaita a kan kewayayye, da ƙanana biyu a gefensa. Kafinta dai ya ci kasuwa.

A kogin Bidasoa akwai wani ɗan tsibiri inda Faransa da Sifaniya suka ƙulla sulhu a 1659. Yanzu karɓa-karɓa suke yi da shi, wata shida nan, wata shida can. Rabon kwana ke nan, kuma har yau babu wadda ta yi yaji.

Kanada da Denmak kuwa sun daɗe suna jayayya a kan tsibirin Hans, dutse tsirara, ba gida ba bishiya. Idan ɓangare ɗaya ya je, sai ya kafa tutarsa, ya ajiye wa abokin hamayya kwalbar barasa, ya kama gabansa. A 2022 suka raba dutsen biyu. Mashaya ne kawai suka yi asara.

A 1859 wani manomi Ba'amurke ya bindige aladen Turawan Ingila da ya shigar masa gonar dankali a tsibirin San Juan, wanda Amurka da Ingila ke jayayya a kansa. Kafin ka ce kwabo, ga sojoji, ga jiragen ruwan yaƙi! Aka yi ta zaman kallon-kallo har 1872, lokacin da sarkin Jamus ya raba gardama ya ba Amurka tsibirin. Wanda aka harbe a duk rikicin: alade.

Dabbar panda da Sin ke aika wa ƙawayenta aro ce, har da kuɗin haya, kuma in ta haihu ɗan na Sin ne. Jakadan da aikinsa cin gora da barci.

Jar wayar nan ta finafinai tsakanin Mosko da Washinton? Layin da aka kafa a 1963 na aika rubutu ne, babu magana. Kafin ka gama buga zagi, ai ka huce.