Mata biyu da suka ƙi yin shiru

A shekarar 1974 wani fasto ɗan ƙasar Italiya, Tullio Vinay, ya ba da shaida a Faransa a kan azabar da ake gana wa fursunonin siyasa a Biyetnam ta Kudu. Labarin ya hana wasu mata biyu sukuni, Hélène Engel da Édith du Tertre. Ba su da mulki, ba su da kujerar alƙali. Duk da haka, cikin watan Yuni na wannan shekara, a birnin Versailles, suka kafa ACAT, ƙungiyar Kirista masu yaƙi da azabtarwa, wadda ta haɗa Katolika da Furotesta da Otodoks.

Makamansu biyu ne: addu'a da wasiƙa. In an tsare mutum ana gallaza masa, sai membobi su rubuta wa shugaban ƙasar ko ministansa, suna ambaton sunan fursunan. Ma'aikacin gwamnati ya san nauyin takarda: wanda sunansa ya shiga ofis sau ɗari, da wuya a salwantar da shi a ɓoye. Kuma ba su tambayar addinin wanda suke karewa.

A 1987 aka kafa tarayyarsu ta duniya, FIACAT, mai rassa kusan 30, har da na Nijar, ƙasar da ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa a 1998.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Tukuicin waɗannan bayin Allah shi ne duk wanda aka tsare, a samu mai tambayar inda yake.