Yadda wayar hannu ta shiga farauta a gandun dajin Yobe

Matafiyin da ya tashi daga Danchuwa a Ƙaramar Hukumar Potiskum, ya bi ta cikin gari ya kama hanyar Gashuwa, zai tarar da ɗaya daga cikin muhimman matattarar tsuntsaye a Afirka ta Yamma kafin yini ya ƙare. Ita ce tafkin Dagona da ke ƙasar Bade, wani ɓangare na Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi da aka kafa a 1991. Duk lokacin hunturu tsuntsaye kan ƙetaro Sahara daga Turai su sauka a nan, su cakuɗu da kirinjijiya da ɗinya da zalɓe na gida. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci wurin a 1989, kuma a 2008 aka sa tafkin cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Ɓarnar da ake yi wa wannan yanki ta girmi intanet. Madatsun ruwa na Tiga da Challawa a Jihar Kano sun rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masu saran itace da makiyaya da mafarauta kuma kowa na neman abin kai wa bakin salati. Gauraka, wadda a da ake gani garke-garke, yanzu sai an dace. Wanda ya ɗora duk wannan a kan wayar hannu bai yi adalci ba.

Abin da waya ta sauya shi ne dalilin yin ɓarnar. A da, wanda ya harbi dabbar da doka ta hana yakan ɓoye ta, ya bi da ita ta bayan gari da dare. Yau kuwa gawar dabba ta zama abin ado. Matashi zai taka ta da ƙafa, a ɗauke shi hoto, a zuba masa kirari a Facebook ko TikTok, kuma tun da manhajojin nan suna ƙara yaɗa abin da ya fi jan ido, bidiyon kisa ya fi na tsuntsu mai kiwo a bakin ruwa saurin zagayawa. Yaron da ya kalla a Danchuwa ko Jakusko ya koyi cewa ana samun suna ta nan, ya kuma ga inda dabbar take.

Nijeriya ta sha ganin irin haka. A 2018 hotunan giwar da wani maharbi ya kashe a Idanre ta Jihar Ondo sun cika shafukan sada zumunta. A 2020 aka ga bidiyon wasu matasa a yankin Neja Delta suna jan ayu da ransa a kan turɓaya, har ƙaramar ministar muhalli ta lokacin, Sharon Ikeazor, ta fito ta yi tir. A ƙarshen 2023 kuma bidiyon kisan giwaye a Kala Balge ta Jihar Borno ya bazu, ma'aikatar ta ce za ta bincika. Kusan kullum tsarin ɗaya ne: hayaniyar kwana biyu, sanarwa ga manema labarai, sai shiru.

Ga doka nan a rubuce. Dokar Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa ta 1999 ta haramta farauta da saran itace da cinna wuta a cikin gandu ba da izini ba. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta ɗaga tara daga naira 1,000 zuwa miliyoyi. Abin mamaki shi ne mai laifin da kansa yake kawo shaida: fuskarsa, muryarsa, wani lokaci har sunan ƙauyensu.

Wasu ƙasashe sun yi amfani da wannan damar. Wata matashiya a Amurka da ta yi zane a duwatsun gandayen ƙasa bakwai ta sa a Instagram a 2014 ta amsa laifinta a 2016, aka yanke mata aikin al'umma na sa'o'i 200. A Ingila, bidiyon da ke cikin wayar ɗaya daga cikin mutum biyun da suka sare shahararriyar bishiyar Sycamore Gap a 2023 yana cikin hujjojin da suka kai su kurkuku na shekara huɗu da wata uku.

Bin sawun irin waɗannan hotuna aiki ne da ma'aikaci ɗaya a ofishin hukumar ko na NESREA a Abuja zai iya farawa da kwamfuta ɗaya, ya tura wa masu gadin dajin abin da ya gani. Filin da za a tsare ma ƙaruwa yake yi: a 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da sababbin gandayen ƙasa goma, cikinsu har da dausayin Baturiya a Jihar Jigawa, wanda ruwansa da tsuntsayensa ɗaya ne da na Dagona.