Gaza a Rumfar Zaɓen Amurka

Wanda ke bin labarin Gaza a rediyo zai ɗauka idan ɗan takarar shugabancin Amurka ya buɗe baki a kan Falasɗinu, hankalinsa na kan Rafah ko Ƙudus. Sau da yawa ba can yake ba. Yana kan Mishigan da Pensilbaniya, jihohin da ke iya ɗaga mutum ko su kayar da shi.

Dalili kuwa shi ne, ba a zama shugaban Amurka da yawan ƙuri'un ƙasa gaba ɗaya. Kowace jiha tana da adadin wakilanta, kuma a kusan dukkansu wanda ya zo na ɗaya, ko da ratar ƙuri'a ɗari ce, shi ke kwashe wakilan duka. Mishigan tana da 15. Donald Trump ya cinye ta a 2016 da ratar da ba ta kai 11,000 ba, Joe Biden ya ƙwace ta a 2020 da kimanin 154,000. A wannan jihar ne kuma birnin Dearborn yake, inda fiye da rabin mazauna Larabawa ne, 'yan asalin Lebanon da Yaman da Iraƙi da Falasɗinu.

Da yaƙi ya ɓarke bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023, gwamnatin Biden ta ci gaba da tura wa Isra'ila makamai. Mutanen Mishigan suka rama ta hanyar da 'yan siyasa suka fi jin zafi. A zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Democrat a Fabrairun 2024, sama da mutum 100,000 suka fito, suka shiga layi, suka dangwala wa gurbin da ke nufin ba su tsai da kowa ba. Saƙon ya isa, amma jam'iyyar ta tsinci kanta a gaba kura baya sayaki, domin Pensilbaniya mai wakilai 19 tana da Yahudawa masu yawa, kuma yawancin Yahudawan Amurka Democrat suke zaɓa tun da daɗewa. A babban taron jam'iyyar na Shikago a watan Agusta, an ba iyayen wani matashi da Hamas ke tsare da shi a lokacin dama suka yi jawabi, wanda hakan daidai ne. Amma da aka nemi a ba Bafalasɗine ɗaya 'yan mintoci, sai aka hana. A ganina wannan rowar ta fi kowace sanarwa fallasa lissafin da ake yi.

Sai baki biyu. Wata ƙungiyar kamfen da ke ɓangaren Republican ta riƙa aika wa Musulmin Mishigan tallan da ke nuna 'yar takarar Democrat, Kamala Harris, babbar aminiyar Isra'ila ce, a lokaci guda tana gaya wa Yahudawan Pensilbaniya cewa Harris ta koma bayan Falasɗinawa. Mace ɗaya, zargi biyu masu karo da juna, kowanne an auna shi daidai kunnen mai saurare.

Kuɗi ma na magana. Reshen kamfen na AIPAC, ƙungiyar da ke kare muradun Isra'ila a Amurka, ya zuba sama da dala miliyan 14 don kayar da ɗan majalisa Jamaal Bowman na New York, da kimanin miliyan 8 a kan Cori Bush ta Missouri, duk masu sukar yaƙin. Dukansu sun faɗi tun a fid da gwani. Abin lura, yawancin tallan ba su ma ambaci Isra'ila ba, wasu laifuffukan na cikin gida aka tono musu.

Ɓangaren da mutanenmu suka fi mantawa shi ne Kiristoci 'yan Ibanjelika, waɗanda suka ninka Yahudawan Amurka yawa sau da dama, kuma da yawansu sun ɗauki goyon bayan Isra'ila wani sashe na addini. Trump ya amince da Ƙudus a matsayin babban birnin Isra'ila a Disamban 2017, ya mai da ofishin jakadanci can a Mayun 2018. A wajen kamfen a 2020 da bakinsa ya ce don 'yan Ibanjelika ya yi.

Shi ɗin ne dai, kwanaki kaɗan kafin zaɓen 2024, ya shiga wani gidan cin abinci a Dearborn yana gaisawa da Larabawa yana alƙawarin zaman lafiya. Ya samu kusan kashi 42 cikin ɗari na ƙuri'un birnin, Harris 36, Jill Stein ta jam'iyyar Green 18, a garin da Biden ya lashe da gagarumin rinjaye shekara huɗu baya. Bayan ya ci zaɓen, an tsagaita wuta a Gaza jajibirin rantsar da shi, waɗanda suka zaɓe shi suka ce ai kun gani. Ba a rufa mako uku ba, ranar 4 ga Fabrairun 2025, Trump ya tsaya kusa da Firaministan Isra'ila Netanyahu a fadar White House ya ce Amurka za ta karɓi Gaza, a kwashe mutanenta zuwa wasu ƙasashe.