Daskarewar Sabuwar Kwamfuta: Musabbabinta da Hanyoyin Gano Inda Cutar Take

LEGAS — Tun cikin shekarun 1990, lokacin da kasuwar kayan kwamfuta ta fara bunƙasa a kewayen titin Otigba da ke Ikeja, wadda a yau aka fi sani da Computer Village, jama'a da dama a ƙasar nan suka rungumi al'adar sayen sassan na'ura ɗai-ɗai su kai wa mai haɗawa, maimakon sayen wadda kamfani ya harhaɗa ya rufe cikin kwali. Dalilin bai wuce sauƙin farashi ba, da kuma damar da mai saye ke samu ta zaɓen abin da ya dace da aikinsa da aljihunsa. Al'adar ta ƙara ƙarfi bayan da aka saki darajar Naira ga kasuwa a watan Yunin 2023, abin da ya ɗaga farashin kusan duk wani kaya da ake shigowa da shi daga ƙetare.

Sai dai wannan hanya tana da nata ƙalubalen. Babba daga ciki shi ne a kai sabuwar na'ura gida ko shago, a kunna ta tana aiki lafiya, can sai ta tsaya cak: hoton da ke allo ya sandare, linzami ya ƙi motsi, maɓallan rubutu su daina amsawa. Ga mai shagon buga takardu, ko mai zanen gine-gine, ko ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, wannan asarar aiki ce da ta lokaci, wani zubin har da ta abokan ciniki. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne na'urar da aka harhaɗa ba ta da uba ɗaya. Kowane sashe da kamfanin da ya ƙera shi, kowane kuma da shagon da aka saye shi, don haka sai mai haɗawa ya ɗora laifi kan mai sayarwa, mai sayarwa ya mayar kan wutar lantarki, mai na'ura kuwa ya rasa wanda zai riƙe. Mafita ita ce a gano sashen da ke da cutar tun kafin wa'adin mayar da kaya ya ƙare.

Matakin farko shi ne lura da yanayin daskarewar, domin ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda na'ura kan tsaya na ɗan lokaci sannan ta dawo da kanta, wadda galibi takan nuna matsalar faifan ajiya ko ta direba, wato ƙaramar manhajar da ke sada wani sashe na na'ura da babbar manhaja irin su Windows. Akwai wadda allo kan koma shuɗi, ko baƙi a sababbin fitowar Windows 11, da rubutun da ke ambaton sunan kuskuren, kuma ya kamata a ɗauki hoton rubutun da waya domin shaida ce mai amfani. Akwai kuma mafi muni, wadda komai kan mutu sai an danne maɓallin kashewa. Hanya mai sauƙi ta bambance su ita ce danna maɓallin Caps Lock: idan 'yar fitilarsa tana kunnuwa tana mutuwa, to babbar manhaja tana da sauran rai, idan kuwa ba ta motsa ba, zargi ya fi karkata ga ƙarafan na'urar. Haka nan, danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B a lokaci guda kan sake tayar da direban hoto, kuma idan allo ya farfaɗo bayan haka, an san inda za a dosa.

Yana da kyau kuma a riƙa rubuta lokacin da abin ya faru da aikin da ake yi a sa'ilin. Na'urar da ke daskarewa sai an ɗora mata aiki mai nauyi, kamar tace bidiyo, tana nuni ga zafi ko ƙarancin wuta. Wadda ke daskarewa tana zaune ba ta komai tana nuni ga saitin tsimin wuta ko tsohuwar manhajar madabod, wato babban allon da dukan sassa ke kafe a kansa. Windows da kanta tana adana tarihin kurakurai a wurin da ake kira Event Viewer. A nan ne ake yawan cin karo da kuskure mai lamba 41 mai suna Kernel-Power, wanda mutane da yawa ke ɗauka hujja ce cewa akwatin wuta ya lalace. Gaskiyar magana, abin da yake faɗa kawai shi ne na'urar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Bai faɗi dalili ba. Abin dubawa shi ne kurakuran da aka rubuta 'yan daƙiƙoƙi kafin shi.

A Nijeriya, bincike kan fara ne daga bango, wato daga soket. A ƙa'ida, wutar da ke shiga gidaje ƙarfinta volt 230 ne, amma sanin kowa ne takan yi ƙasa ƙwarai, ta kuma yi tsalle sa'ad da aka dawo da ita ko aka juya daga janareta. Ƙananan janaretoci ma wutarsu ba ta da daidaito, musamman idan firji ko famfon ruwa ya tashi a kan layi ɗaya. Saboda haka, kafin a kwance ko da noti ɗaya, ya dace a gwada na'urar a kan UPS mai kyau, ko a kai ta wani wuri mai tsayayyiyar wuta. Idan ta yini a can ba ta daskare ba, to cutar ba a jikinta take ba.

Bayan wannan sai akwatin wutar da ke cikin na'urar, wanda shi ne sashen da masu saye suka fi yi wa rowa. Mutum kan zuba kuɗinsa a kan firosesa da katin hoto, sannan ya karɓi akwatin wuta marar suna da aka haɗo da gangar jikin na'urar, alhali adadin wat da aka rubuta a jikin irin waɗannan sau da yawa ya zarce abin da suke iya bayarwa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Haka kuma wajibi ne a tabbatar cewa babbar waya mai fil 24 da ta firosesa mai fil 8 sun shige har maƙura, ƙugiyarsu ta kama, domin waya mai rabin shiga takan bari na'ura ta tashi amma ta gaza da zarar aiki ya yi nauyi.

Abu na gaba shi ne zafi. Firosesoshin zamani sukan rage gudu da kansu idan zafinsu ya kai wajen digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, gwargwadon samfurinsu, idan abin ya ci tura kuma su kashe na'urar. Manhajoji na kyauta irin su HWiNFO suna nuna zafin kowane sashe. Sabuwar na'urar da ke hawa irin wannan matsayi ba tare da wani aiki ba, akwai kuskure a haɗinta. Kurakuran da aka fi samu su ne mance ɓare ledar da ke manne a ƙasan abin sanyaya firosesa, da rashin shafa man da ke isar da zafi tsakaninsu, da ɗaure notuna ta gefe guda fiye da ɗaya, da kuma jona fanka a gurbin da ba nata ba. Zafin bazara da ƙurar hunturu sukan ƙara wa lamarin nauyi, musamman idan an cusa na'urar cikin lungun tebur inda iska ba ta kewayawa.

Sai kuma ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM, wadda tana cikin manyan musabbaban daskarewar sababbin na'urori. A madabod mai gurbi huɗu, idan sanduna biyu za a sa, yawancin kamfanoni sun umarci a sa su a gurbi na biyu da na huɗu daga wajen firosesa, kuma littafin da ke zuwa cikin kwali yana fayyace haka. Haɗa sanduna daga kamfanoni daban-daban, ko sabuwa da ta hannu, kan jawo rashin jituwa ko da adadin da aka rubuta a jikinsu ɗaya ne. Bugu da ƙari, saurin da ake tallatawa a jikin kwali ba shi ne saurin asali ba. Nau'in DDR5, alal misali, ya fara ne daga 4800, kuma kafin a kai shi 6000 sai an kunna wani saiti da Intel ke kira XMP, AMD kuma ke kira EXPO. Wannan tura na'ura ne fiye da ƙa'idarta, kuma ba kowace firosesa ke jurewa ba. Don haka sai a kashe saitin a yi aiki na kwana ɗaya ko biyu a gani. Sannan a gwada sandunan da manhajar MemTest86, wadda ake tayarwa daga filashi ba tare da an shiga Windows ba. Gwajin kan ɗauki sa'o'i, kuma kuskure ko da guda ɗaya ne ya isa hujja. Idan ya bayyana, sai a riƙa cire sanda ɗaya ana gwada ɗayar har a gano mai laifin.

Har ila yau, akwai BIOS, wato manhajar da ke zaune a jikin madabod tana tayar da na'ura. Madabod kan yi watanni a rumbun ajiya da cikin jirgin ruwa kafin ya iso Apapa, don haka yakan zo da tsohuwar manhaja wadda ba ta gama sanin sabuwar firosesa ba. Tarihin 'yan shekarun nan ya nuna muhimmancin sabunta ta. A shekarar 2022, kamfanin AMD ya amince cewa wasu na'urori masu firosesar Ryzen suna 'yar tsayawa jefi-jefi saboda sashen tsaro na fTPM, kuma ta hanyar sabunta BIOS aka magance abin. A watan Yulin 2024, kamfanin Intel ya bayyana cewa wuta fiye da kima ce ke haddasa rashin daidaito a wasu firosesoshinsa na tebur na zubi na 13 da na 14. Ya fitar da gyara a watannin Agusta da Satumba na shekarar, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Gyaran yana kare lafiyayyar firosesa ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace, abin da ya kamata mai sayen ta hannu ya yi la'akari da shi. Sharaɗi ɗaya tilas shi ne kada a sabunta BIOS sai na'ura tana kan UPS, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe madabod ɗungurungum.

Idan duk waɗannan sun fita daga zargi, sai a juya ga manhaja. Direbobin madabod da na katin hoto ya kamata a ɗauko su daga shafin kamfanin da ya ƙera su, ba daga tarin direbobin da masu gyara ke yawo da su a filashi ba. Ita kanta Windows, kofin da aka yi wa kutse don kauce wa biyan lasisi kan zo da ɓarna ko da ɓoyayyun manhajoji masu cin ƙarfin na'ura, alhali kamfanin Microsoft yana ba da damar sauke ta asali a kan filashi mai gigabait 8. Ya kamata kuma a sani cewa tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka ɗora ta a kan sabuwar na'ura ba dabara ba ce. Akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama tsakanin ƙarfe da manhaja: a tayar da na'urar da wata babbar manhaja daban, kamar Ubuntu, kai tsaye daga filashi. Idan ta daskare a nan ma, to Windows ba ta da laifi.

Faifan ajiya ma abin dubawa ne. Manhajar CrystalDiskInfo tana karanta bayanan lafiyar da faifan ke adanawa game da kansa, har da yawan sa'o'in da ya yi yana aiki. Faifan da aka sayar a matsayin sabo amma ya nuna dubban sa'o'i, ya tona asirin kansa.

Matakin ƙarshe, idan an rasa bakin zaren, shi ne fito da madabod daga gangar jikin na'urar a ɗora shi a kan kwalinsa, a bar masa firosesa da abin sanyaya ta, da sandar RAM ɗaya, da faifai ɗaya. Wannan kan fallasa kuskuren da ido ba ya gani, kamar ƙaramin ginshiƙin ƙarfe da aka ɗaura a inda babu rami, yana taɓa bayan madabod. Daga nan sai a riƙa mayar da sassa ɗaya bayan ɗaya har daskarewar ta dawo. Ƙa'idar da ke bisa dukan binciken ita ce a canja abu guda a lokaci guda. Wanda ya sabunta BIOS, ya sauya RAM, ya sake ɗora Windows duk a yini ɗaya, ko na'urar ta warke ba zai san abin da ya warkar da ita ba, balle ya san kayan da zai mayar wa mai shago.

Ta fuskar ciniki kuwa, mai saye yana da abin da zai kare kansa da shi tun kafin ya biya. Ya nemi rasit mai ɗauke da sunan kowane sashe da lambar da ke jikinsa, a kuma rubuta masa wa'adin mayarwa da hannun mai shago. Ya adana kwalaye, domin da yawa ba sa karɓar kaya ba tare da su ba. Ya nemi a fayyace masa sabo da na hannu. Ya fi kyau kuma ya sayi madabod da firosesa da RAM a shago ɗaya, ya bar na'urar ta kwana tana gwaji a wurin mai haɗawa kafin ya cika kuɗin aiki. Idan aka kai ga jayayya, Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka samu da aibu, kuma rasit da hoton sakamakon gwaji su ne hujjar da zai gabatar.